Malamin Jami'a a Zauren Masu Yaƙi

Kafin yaƙin duniya na biyu, maganar dabarun yaƙi kusan ta hafsoshin soja ce su kaɗai. Bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945 ya buɗe wa farar hula ƙofa, domin makamin da kowa ke tsoron a sake harbawa yana buƙatar masu tunani a kan yadda za a hana yaƙin tun kafin ya tashi. Masana irin su Bernard Brodie suka shigo fagen, aka kafa cibiyar bincike ta RAND a Amurka a 1948, da ta IISS a Landan a 1958. A 1962 Michael Howard, wanda ya yi yaƙi a Italiya, ya kafa sashen nazarin yaƙi a King's College da ke Landan.

Rayuwar aikin Lawrence Freedman ta nuna amfanin wannan sana'a da kuma haɗarinta. Ya zama farfesa a wannan sashe a 1982, shekarar da Birtaniya da Ajantina suka gwabza a kan tsibiran Falkland. Daga baya gwamnati ta naɗa shi ya rubuta tarihin yaƙin a hukumance, ta ba shi damar duba takardun sirri, aikin ya fito cikin juzu'i biyu a 2005. Wanda ke waje ba zai taɓa samun wannan dama ba.

Sai dai kusanci da masu mulki yana da tsada. A 1999, ana tsakiyar yaƙin Kosovo, Freedman ya aika wa ofishin Firaministan Birtaniya Tony Blair sharuɗɗa biyar da ya kamata ƙasa ta auna kafin ta tura soja wata ƙasa. Blair ya sa su a jawabinsa na Chicago. Bayan shekara huɗu kuma ya bi Amurka zuwa mamayar Iraƙi. Da aka kafa kwamitin Chilcot a 2009 don binciken wannan yaƙi, sai ga Freedman a cikin mambobinsa. Masu suka suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan zargi yana da tushe, amma abin da ya biyo baya ya fi shi muhimmanci. Freedman ya bayyana rawar da ya taka a jawabin a rubuce. Rahoton da kwamitin ya fitar a watan Yuli na 2016 kuwa ya ce Birtaniya ta shiga yaƙin tun ba a gama bin hanyoyin lumana ba, kuma an gabatar da bayanan makaman Iraƙi da tabbacin da hujjoji ba su kai ba.

A ƙasarmu ma, duk lokacin da 'yan bindiga suka kai hari, gidajen rediyo kan nemi mai sharhi kan al'amuran tsaro. Yawancinsu tsofaffin jami'ai ne ko malaman da ke ba hukumomi shawara, kuma wannan alaƙa ce ke ba maganarsu nauyi. Haƙƙin mai sauraro ne a gaya masa wanda mai sharhin yake yi wa aiki. Haƙƙin mai sharhin kuma ya faɗi gaskiya ko da za ta taɓa waɗanda suka buɗe masa ƙofa, domin rayukan mutane ne ake yanke shawara a kansu.