Bakaniken da ke Shinshinar Mota

Da yayana ya ƙuduri sayen jif ta hannu, sai ya cika wayarsa da hotuna. Bakanikensa, wani dattijo mai gareji a Kano, ko kallon hotunan bai yi ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, ku nawa ne a gidan?" Aka lissafa: shi da uwargida, yara huɗu, ga Hajiya da ake kaiwa asibiti duk wata. "Ina kuke zuwa da Sallah?" Ƙauye, inda kwalta ke ƙarewa saura tafiyar rabin sa'a. "To nawa za ka iya zuba wa mai a sati ba ka taɓa kuɗin cefane ba?" A nan Yaya ya yi shiru, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan tambayar ba a amsa ta da garaje.

Tambayoyin nan kaɗai suka zubar da rabin hotunan. Lexus RX 350 da ran Yaya ya biya, kujera biyar gare ta, ke nan a bar mutum biyu a gida. Honda Pilot tana ɗaukar takwas, amma injinta bel ne ke riƙe da taimin ɗinsa, kuma bel yana da wa'adi, wanda ya manta da shi zai ji a aljihunsa. Aka tsaya kan Toyota Highlander, samfurin da aka yi daga 2008 zuwa 2013: kujera bakwai, inji mai silinda shida da sarƙa maimakon bel, kayan gyaranta kuma ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka fito da su. Akwai mai silinda huɗu wadda ta fi sauƙin shan mai, amma dattijon ya ce mutum bakwai da buhun shinkafa za su sa ta nishi a kan tudu. Ya kuma ja kunnen Yaya cewa layin kujerun ƙarshe na yara ne, kuma in an ɗaga shi, but ɗin da ya rage bai wuce na jaka biyu ba.

Ya sa muka fita da sassafe, kafin masu mota su gama wanke-wanke. Duk motar da muka tsaya a kanta, tafin hannu yake fara ɗorawa a bonet. In ya ji ɗumi, ya san an riga an tayar da ita, kuma inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa: ƙarar sarƙa, kakari wajen tashi, hayaƙin farko. Da ya yi zafi sai ya lafa kamar ba shi ba.

Wata baƙa mai sheƙi ta ɗauki hankalinmu. Dillali ya ce 2012 ce, ba a jima da sauke ta ba. Dattijon ya leƙa ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, inda lambar shasi take. Lambar nan harafi da alƙaluma goma sha bakwai ce, kuma na goma shi ke faɗin shekarar mota: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, daga nan A ta zama 2010, B 2011, C 2012. Ya ƙirga da yatsa, ya tsaya a kan 8. Ashe tsohuwa ce aka sauya wa fitilu da bamba da fuska irin ta 2011 zuwa sama, aikin da ake yi sosai a ƙasar nan. Bai ƙaryata kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," muka wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin kayan aikinsa: ɗan mayen ƙarfe a aljihun riga, tocila, farin tsumma, sai wata 'yar na'ura da yaronsa ke riƙewa. Yakan bi jikin mota da mayen ƙarfen a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cike lotsawa da fila an shafe da fenti. Yakan duba kan notunan da ke riƙe da ƙofa da bonet, domin notin da sifana ta taɓa hawa fentinsa kan ɓare. Yakan sa yatsa a tsakanin ƙofa da ƙofa, ya gwada dama da hagu. Ba kowane gyara ke korarsa ba. Ƙofar da aka buge aka gyara, a wurinsa dalilin rage kuɗi ce kawai. Amma in ya ga walda a ƙashin shasi, an gama magana, don motar da ƙashinta ya karkace ba za ta daina cin taya ba, kuma ranar haɗari ba za ta kare na cikinta yadda aka ƙera ta ba.

Sai maganar ruwa, wadda ya fi tsoro fiye da komai. Motar hannu mukan ce mata Beljiyam ko ta Kwatano, sunayen da suka rage tun zamanin da motoci ke tasowa daga tashar Antwaf su sauka a Kwatano a shigo da su ta tudu, kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Amma yawancin irin waɗannan jif ɗin daga Amurka da Kanada suke, kuma da dama daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka biya diyyarsu. A ciki akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar dubun-dubatar da guguwar Harvey ta nutsar a Hustan a 2017. Irin wannan mota takan iso fes, ba ko ƙwarzane. Kyan ɗan maciji ke nan. Ruwan ya riga ya shiga wayoyi da kwamfutocinta, sai bayan wata shida ta fara haukacewa: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga.

Wata fara da Yaya ya riga ya fara tayawa a zuciyarsa, dattijon ya shiga ya rufe ƙofa, ya zauna shiru yana jan numfashi. Turaren mota ya yi yawa, in ji shi, kuma ƙarƙashinsa akwai warin rima. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga zanen ruwa a can gindin, inda mai wanki ba ya kaiwa. Ya ɗaga kafet, ya haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai: tsatsa, da busasshiyar laka mai laushi kamar gari. Tsatsar ƙarƙashin mota yana iya yi mata uzuri, tunda a ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, sai dai ya ƙwanƙwasa ya ji ko ta ci ƙarfen. Tsatsa a cikin ɗaki kuwa ba ta da uzuri.

A inji ba ya daɗewa. Ya buɗe murfin baƙin mai: in ya ga kumfa kamar shayi da madara, ruwa na haɗuwa da mai. Ya sa yaro ya taka totur, shi yana tsugune a bayan salansa: shuɗin hayaƙi, inji na shan mai, fari mai kauri da ba ya yankewa, gaskit ya tafi. Ya leƙa ƙasa ya ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi an kwashe abin cikinta, wanda makanikai ke kira indomi saboda kamanninsa. Da an murɗa makulli kuma, idonsa na kan dashbod, domin fitilar inji da ta jakar iska dole su kama tukuna su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, kashe ta aka yi. Na'urar yaron nan ita ma tana nuna in kwanan nan aka goge laifuffukan da kwamfutar motar ta ajiye.

Lambar tafiya kuwa bai cika yarda da ita ba. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma mayar da lambar baya ba wuya. Ya fi gaskata robar burki da ta suɗe da sitiyarin da ya yi santsi. Taya ma tana da ranar haihuwa a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, komai kyan zanenta ta tsufa.

Wadda muka saya a rana ta biyu ba ta da kyan gani. Fentin rufinta ya koɗe, kujerar direba ta tsage. Dattijon ya tuƙa ta da kansa, rediyo a kashe, ya nemi hanya mai gargada da gangan, ya saurari yadda giya ke shiga ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta tsaye da esi a kunne cikin rana yana kallon allurar zafi. Ya sa ni na zauna a can baya in faɗa masa ko sanyi na isowa. Sannan ya dubi lambar shasin da ke kan takardar kwastan, harafi bayan harafi, ya gwada da ta jikin gilashi da ta jikin ƙofa, ya ce kada a biya ko sisi sai an tabbatar da takardar a ofishin kwastan.

Wajen ciniki bai kushe motar ba. Ya lissafa wa mai ita taya huɗu, shokozoba biyu na gaba, batir, da juyen mai, kowanne da kuɗinsa a kasuwa, ya ce a cire. Da ƙyar aka yi albarka sau biyu, aka sallama.

Mai karatu, in za ka tafi da irin wannan mutum, kai ka biya shi daga aljihunka, a saya ko a fasa, kuma kada ka yarda ya shiga rabon la'adar dillalai.