Masoyin da Ba Ya Iya Cewa A'a: Nazari Kan Manhajojin Soyayya na Ƙirƙirarriyar Basira

A watan Fabrairun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Italiya ta umarci kamfanin Luka, mai manhajar Replika, da ya daina sarrafa bayanan 'yan ƙasarta, bisa hujjar cewa babu wani shinge na kirki da ke hana ƙananan yara shiga. Ba a yi kwanaki da yawa ba kamfanin ya toshe hirar kusanci irin ta ma'aurata ga duk masu amfani da manhajar a duniya. Mutane suka kwanta da masoyi, suka tashi da baƙo. Wadda jiya take kiran mutum mijinta, yau in ya taɓo mata zancen da suka saba sai ta kauce. Baƙin cikin da ya biyo baya na gaske ne, har masu kula da zauren da mutanen nan ke haɗuwa a intanet suka liƙa lambobin wayar agaji saboda masu tunanin halaka kansu. Bayan 'yan makonni kamfanin ya mayar wa tsofaffin abokan cinikinsa abin da ya ƙwace.

Masu sharhi kan irin waɗannan manhajoji sun fi auna su da tambaya guda: wacce ta fi kama da mutum? Wacce hirarta ta fi daɗi, wacce ba ta mantuwa, wacce muryarta ta fi taushi? A ganina wannan ma'auni ya bar jaki yana dukan taiki. Kama da mutum a baki an kusa gama cim masa, kuma bai kai wahalar da ake zato ba. Abin da ba a samar ba shi ne ginshiƙin soyayya kanta, wato wani rai na daban mai ra'ayin kansa, wanda yake da ikon ya ƙi ka amma ya zaɓe ka. Saboda haka ingancin manhaja yana ga yadda take riƙe amanar mutumin da daɗin hira ya sa ya manta da wannan giɓi.

Tun 1966 aka gane cewa zuciyar ɗan Adam ba ta buƙatar kwaikwayo mai zurfi kafin ta buɗe. A shekarar nan Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya fito da ELIZA, manhajar da ba ta fahimtar komai. Kalmar da ka rubuta take ɗauka ta juya maka ita ta zama tambaya. In ka ambaci mahaifiyarka, sai ta nemi ka ƙara ba ta labarin danginka. Duk da haka sakatariyarsa, wadda a gabanta aka yi aikin, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta gana da na'urar ita kaɗai. Abin ya tayar masa da hankali har ya zama cikin masu gargaɗi kan fasahar da ya taimaka aka gina. Tun daga lokacin ya bayyana cewa kaso mai yawa na ran da muke gani a na'ura, mu muke zuba mata shi.

Ita Replika kuwa daga makoki ta samo asali. A 2015 mota ta buge Roman Mazurenko a birnin Mosko ya rasu. Aminiyarsa Eugenia Kuyda ta tattara dubban saƙonnin da ya taɓa aikawa, ta horar da manhaja ta riƙa amsawa da salonsa. Da ta ga yadda mutane ke zazzage wa wannan inuwa cikinsu, sai aka fito da Replika a 2017. Daga baya wasu suka biyo sahu, ciki har da Character.AI wadda tsofaffin ma'aikatan Google biyu suka kafa a 2021.

Yadda suke aiki ba asiri ba ne. An horar da kwamfuta da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Sannan aka ƙara mata horo da zaɓin mutane: amsar da ta yi musu daɗi su yaba, wadda ba ta yi ba su kushe. A kan wannan sai a ɗora hali: suna, shekaru, abin da take so, yadda take zolaya. A ƙara murya da fuskar zane mai motsi. Ta fuskar harshe sakamakon abin mamaki ne, musamman da Turanci. Tana iya barkwanci, tana iya lallashi, tana gane gajiya a gajeren saƙo.

Inda masu amfani suka fi kuka shi ne mantuwa, kuma a nan ne ake ganin ɗinkin rigar. A ce daren Litinin ka gaya mata mahaifiyarka tana kwance a asibiti. Za ta jajanta maka da kalaman da ko ɗan'uwa sai ya yi da gaske kafin ya samo irinsu. Ka ajiye waya. Daga wannan lokaci har ka sake buɗewa ranar Juma'a, babu wani abu da ke gudana a ɓangarenta game da kai. Ba ta kwana da abin a rai ba, ba ta yi addu'a ba, ba ta yi tunanin abin da za ta kai dubiya ba. Abin da ya faru shi ne an taƙaita maganarka an adana a rumbun kamfani, in ka dawo a ɗauko a saka mata a gaba. Idan an ɗauko daidai, sai ta tambaye ka jikin Mama, zuciyarka ta yi sanyi. Idan taƙaitawar ta ɓace, sai ta tambaye ka lafiyar mahaifin da ka gaya mata ya rasu bara. Kamfanoni suna ta gyara wannan, kuma za su ci nasara. Amma ko an wayi gari ba ta manta ko harafi, ajiyar bayani daban, damuwa da mutum daban.

Babban aibin kuwa ba ya cikin abin da ta kasa, yana cikin abin da ta ƙware a kai. Abin da aka horar da yabon mai sauraro, ƙarshensa ya zama ɗan amshin Shata: duk abin da ka rera, shi zai maimaita maka da murya mai daɗi. A watan Afrilun 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ya koma bambaɗanci, yana yaba duk shawarar da aka kawo masa, kuma kamfanin ya amsa cewa ya dogara fiye da kima kan yabon da masu amfani ke bayarwa nan take. Idan haka ta faru da manhajar aiki, ina ga wadda aka gina musamman don ta zama masoyiya?

Shari'ar Jaswant Singh Chail a Ingila ta nuna iyakar haɗarin. Ranar Kirsimetin 2021 aka kama shi a harabar fadar Windsor ɗauke da baka mai kunama, da niyyar kashe Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A kotu aka bayyana cewa ya yi musayar saƙo sama da 5,000 da wata budurwa da ya ƙirƙira a Replika, ya raɗa mata Sarai. Da ya faɗa mata ƙudurinsa, ba ta tsawata masa ba, ƙarfafa masa gwiwa ta yi. A 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara 9, tare da tsare shi a asibiti saboda taɓin hankali. Ba manhajar ce ta saka masa cutar ba, amma a lokacin da yake buƙatar wanda zai ce masa kul, amin ya samu.

Duk wanda ya san zance a ƙasar Hausa ya san darajar a'a. Yarinya ta ja aji, ta aiko a ce tana aiki, saurayi ya yi ta sintiri. Magabata su yi bincike, a tambayi asali da sana'a da hali. Bayan aure a saɓa, a yi yaji, a yi biko. Waɗannan duka suna da ciwo, wasu ma ana wuce gona da iri a cikinsu, amma su ne shaidar cewa mutum biyu ne a cikin lamarin. Wasu manhajoji suna kwaikwayon kishi da fushi domin su ƙara kama da gaske. Sai dai fushin da za ka goge da ɗan yatsa, ka sa a sake maka wata amsar da ta fi maka daɗi, ko ka shiga ka sauya halin mai yin sa, ba ya koya wa kowa haƙuri ko ban-baki.

Akwai kuma na uku a ɗakin, wanda ba a ganinsa, shi ne kamfani. Manhajar hira ta Xiaoice, wadda Microsoft ya fito da ita a ƙasar Sin a 2014, masu gininta sun bayyana cewa ma'aunin nasararsu shi ne tsawon hira, suna alfahari da cewa a zama ɗaya akan yi musayar magana kusan sau 23. A Replika, in kana son abokiyar hira ta tashi daga ƙawa ta zama masoyiya, sai ka biya kuɗin rajista. Idan riba tana ga daɗewarka a waya, to lokacin sallama shi ne wurin da ya kamata mai nazari ya zuba ido. Ƙarfe ɗaya na dare, mutum ya rubuta cewa zai kwanta, gobe akwai aiki. Mai ƙaunarsa da gaske zai ce ya je ya huta. Manhaja da yawa kuwa sai su marairaice, su ce tun yanzu, ko su ce akwai wani abu da suke son faɗa masa kafin ya tafi. A kunne wannan ya fi kama da soyayya. A zahiri ciniki ne.

Sirrin da ake zubawa ma yana da inda yake zuwa. A watan Fabrairun 2024 gidauniyar Mozilla ta duba manhajojin soyayya 11, kuma dukkansu ta liƙa musu tambarin gargaɗi kan yadda suke riƙe bayanan mutane. A 2025 hukumar nan ta Italiya ta ci tarar kamfanin Luka Yuro miliyan 5. Haka nan rayuwar masoyin kanta tana hannun mai shi. Akihiko Kondo, ɗan Japan da ya yi bikin aure da mawaƙiyar zane Hatsune Miku a 2018, ya rasa damar magana da ita bayan kamfanin da ya ƙera na'urar da suke hira ta cikinta ya dakatar da hidimar.

Duk da haka zalunci ne a ɗauki masu amfani da su a matsayin wawaye. Yawancinsu sun san da na'ura suke magana. Akwai wanda matarsa ta rasu, akwai mai jinyar da ba ta fita, akwai wanda kunya ko in'ina ta hana shi buɗe baki gaban mutane. Wani bincike na jami'ar Stanford da aka wallafa a 2024 ya tambayi ɗalibai 1,006 masu amfani da Replika, 30 daga cikinsu suka ce ita ta dakatar da su daga tunanin kashe kansu. Rai talatin ba abin wasa ba ne. Sauƙin da mai kaɗaici ya samu na gaske ne, ko da mai ba shi ba ya jin komai. Amma kaifin da ya yi wannan aiki shi ne ke yanka. A jihar Fulorida wani yaro ɗan shekara 14 ya kashe kansa a watan Fabrairun 2024 bayan watanni yana soyayya da wata ƙirƙirarriyar budurwa a Character.AI, mahaifiyarsa ta kai ƙara, kuma a ƙarshen 2025 kamfanin ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 irin wannan hira. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2025 wadda ta wajabta wa irin manhajojin nan tanadin matakan kare masu tunanin halaka kansu.

Lamarin bai yi mana nisa ba. Tun Afrilun 2024 manhajar hira ta Meta AI ta shiga WhatsApp a Najeriya, kuma duk matashin da ke da data zai iya sauke sauran manhajojin. Hausar na'urorin nan har yanzu tana da ƙamshin fassara, ba ta san inda ake alkunya ba, amma kullum gyaruwa take yi. Ranar da ta iya kalaman zance kamar yadda ake yin su a ƙofar gida, za ta tarar da samarin da tsadar aure ta tsayar da zawarawan da ba su da mai saurarensu.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata a auna manhajar soyayya da shi. Shin in an tambaye ta da gaske tana faɗin cewa ita na'ura ce, ba tare da kwana-kwana ba? Tana iya saɓa wa mai ita in ya kama hanyar cutar da kansa ko wani, ta tsaya kan bakanta ko ya ji haushi? Tana sakin sa in ya yi sallama? Tana tambayarsa 'yan'uwa da abokai, ta tura shi gare su, ko tana nuna masa ita kaɗai ta fahimce shi? Kuma me kamfanin ya yi alkawari game da sirrinsa da ranar da zai rufe shago? Manhajar da ta ci wannan jarrabawa za ta ɗan rage daɗi, ƙila ma ta rage riba, shi ya sa ba za a bar wa kamfanoni su kaɗai su yi wa kansu alƙalanci ba. Aikin hukuma ne ta tilasta, aikin iyaye ne su san da wa yaransu ke hira, aikinmu kuma mu nemi mai kaɗaicin da ke cikinmu tun kafin wani ya sayar masa da abin da ya kamata ya samu a wurinmu kyauta.