Suna da Asali: Nazari a kan Littafin Roots na Alex Haley

A shekarar 1976 Alex Haley, baƙar fata ɗan Amurka, ya wallafa littafinsa Roots. A cikinsa ya bi salsalar danginsa ta wajen uwa har ya kai ga wani kaka, Kunta Kinte, wanda ya ce an kama shi kusa da Juffure ta ƙasar Gambiya, aka sauke shi bawa a Annapolis a 1767.

Hujjarsa ta fari ta harshe ce, ita ce kuwa mafi ƙarfi. Kakarsa ta riƙe sunan Kinte da waɗansu 'yan kalmomi da ta gada, kamar bolongo. Masanin tarihi Jan Vansina ya nuna masa cewa na Mandinka ne, bolongo kuwa kogi ke nan. Amma fa kalma iyakarta ta nuna harshe. Kinte kuma sunan zuriya ne, mutane da yawa ke amsa shi, watau yana kai mai bincike ga dangi, ba ga mutum guda ba.

A nan Haley ya yi gaggawa. Da ya je Juffure a 1967, Kebba Kanji Fofana ya ba shi labarin da ya yi daidai da nasa. Daga baya Mark Ottaway a 1977 da Donald Wright a 1981 suka nuna cewa Fofana ba gadon riƙon tarihi ya yi ba, kuma abin da baƙon ke nema ya riga shi isa garin. Wanda ya faɗi amsa kafin ya yi tambaya, muryarsa ce za ta komo masa. Har wa yau Gary da Elizabeth Mills sun tarar da Toby, bawan da Haley ya ce shi ne Kunta, cikin takardun gidan Waller na Virginia tun 1762, shekara biyar kafin jirgin ya iso.

Duk da haka littafin bai faɗi ba, gama ya bayyana abin da bauta ta ƙwace: sunan yanka da na zuriya, har bayi da yawa suka wayi gari da sunan ubangiji. Sai dai a karanta shi a matsayin ƙagaggen labari mai tushe. Malamin da ke tura ɗalibai neman tarihi wurin tsofaffi ya gargaɗe su: su saurara tukuna, su rubuta, sa'an nan su gwada da takarda.