Hatimi da lissafin da ke ƙarƙashinsa

A zaurukan malamai, daga Zuru har Katsina, ana zana hatimi a allo ko a takarda, jama'a kuma sun fi kallonsa da idon asiri. Ni lissafinsa ne ke burge ni. Hatimi mai gida tara yana ɗauke da 1 zuwa 9: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Tara su a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu.

Gwanintar tana fitowa ne idan aka ba malami adadi aka ce ya zaunar da shi. A hisabin abajada sunan Allah 66 ne. Sai ya cire 12, ya raba saura gida uku, ya sami 18. Daga nan zai jera har 26, 22 ta zauna a cibiya, kowane layi ya ba da 66.

To, a ba shi miliyan ɗaya. Gwani ba ya saurin tsoma alƙalami a tawada, sai ya fara sanin halin adadin. Jimlar layi a mai gida tara kullum ninki uku ce ta lambar cibiya, miliyan kuwa ba ta rabuwa uku sai da ragowar ɗaya, don haka ba za ta zauna a nan ba. Amma tana rabuwa biyar. Sai ya koma mai gida 25, ya sa 200,000 a cibiya, ya jera daga 199,988 zuwa 200,012, layuka goma sha biyu kowanne ya cika miliyan cif. Wannan hangen, na gane gidan da ya dace da adadi tun kafin a ja layi, shi nake jinjina wa.

Su ma hatiman aji-aji ne. Akwai na wutiri, masu gefe 3, 5 ko 7. Akwai na shafa'i masu rabuwa huɗu. Sai irin su 6 da 10, waɗanda suka fi ba da wuya. Na wutiri hanyarsu a buɗe take: sa 1 a tsakiyar layin sama, ka riƙa hawa a karkace ta dama. In ka fita daga gida ka shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar an riga ka ka sauko ƙasan lambar da ka rubuta.

A kan irin waɗannan na wutiri ne sunan Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya shahara. Ya bar ƙasar Hausa ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafinsa da Larabci a 1732, yana bayyana hanyoyin cika gidajen. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti.