Maɓallan Yanke: A Haddace Na Kowa Kafin A Ƙirƙiri Na Kai

Wani yayi ya shigo cikin matasan da ke zanen fosta da bana da katin biki a kwamfuta: kowa so yake a ce hannunsa ba ya taɓa linzami sai ta kama dole. TikTok da YouTube sun cika da masu koyarwa, wannan ya ce ga maɓallan yanke hamsin na Photoshop, wancan ya ce ga yadda za ka rushe tsarin da manhaja ta zo da shi ka gina naka. Masu ɗan hali har wani ƙaramin allo suke saya, irin su Stream Deck ko TourBox, su ajiye shi ƙarƙashin hannun hagu. Rabin yayin nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Ɗaya rabin kuwa, gani nake ana ɗora wa masu koyo kaya tun wuyansu bai yi ƙwari ba.

Rabin da nake tare da shi shi ne haddar maɓallan. Ka tsaya bayan ƙwararre yana haɗa katin ɗaurin aure a CorelDRAW. Ya zaɓi sunan ango da na amarya, ya taɓa C, sun daidaita a tsakiya. Ctrl+G, sun zama abu guda. Ya taɓa P, sun faɗa tsakiyar shafi. F4 ya nuna masa duk abin da ya zana, F9 ya buɗe katin ya cika fuskar kwamfuta don mai aiki ya gani, Ctrl+E ya fitar da shi. Duk wannan kafin mai koyo ya gama lalubar jerin umarnin da ke sama. A makon sallah ko lokacin kamfen, sa'ad da mutum biyar ke zaune kan benci kowa na cewa nasa na gaggawa ne, wannan bambancin kuɗi ne tsaba. Ga kuma Ctrl+S, wanda duk mai aiki da wutar ƙasar nan ya san ba ado ba ne.

Matsalar ita ce manhajojin ba sa magana da murya ɗaya. Ɗauki Ctrl+D kaɗai. A CorelDRAW yana kwafo abin da ka zaɓa ya ajiye maka na biyu. A Photoshop yana sakin abin da ka zagaye. A Illustrator yana maimaita motsin da ka yi na ƙarshe. A InDesign kuwa hoto yake shigo da shi cikin shafi. Ctrl+Q ya fi muni: a CorelDRAW shi ne ke mayar da rubutu zane, don kada haruffa su canza kama idan aka kai aikin wata kwamfutar, kuma mai ɗab'i yana danna shi sau da yawa a yini. A Photoshop da Illustrator, Ctrl+Q rufe manhajar yake yi gaba ɗaya. Don haka wanda ya ce zai gyara maɓallai su zo daidai a duk inda yake aiki, ba shirme yake yi ba. Su kansu masu manhajojin sun san da ciwon. Inkscape yana ba ka zaɓin tsarin CorelDRAW ko na Illustrator, Blender kuma a fitowarsa ta 2.80 a 2019 ya ƙara wani tsari mai kama da na sauran manhajoji don baƙi su samu sauƙi.

To me ya sa nake ja da baya? Saboda masu bidiyon nan suna magana ne da mutumin da ke da kwamfutarsa shi kaɗai a ɗakinsa. A yawancin shagunanmu, kwamfuta ɗaya ta Oga ce da safe, ta babban yaro ce da rana, ta masu koyo ce da yamma. Ranar da wani ya mayar da Ctrl+Q wani abu daban bai gaya wa kowa ba, na bayansa zai danna, ya ɗauka rubutu ya zama zane, ya tura wa mai inji. Sai an buga kwafi ɗari biyar a ga sunan amarya ya fito da wasu haruffa daban. Nan ne sauri ke haifar nawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Yaron da ya tashi a kan tsarin da Ogansa ya ƙirƙira, a shago ɗaya kaɗai yake gwani. Ranar da ya je neman aiki wani wuri, ko aka sake loda wa kwamfutar Windows komai ya koma yadda ya zo, sai ka gan shi yana lalube kamar jiya ya fara. Darajar maɓallan asali ba wai don sun fi kowane tsari hikima ba ne, don kowa ya san su ne. Yanka da kwafa da liƙawa, waɗanda Larry Tesler da abokan aikinsa suka assasa a cibiyar binciken Xerox cikin shekarun 1970, Apple kuma ya ɗaura su kan X da C da V, sun kai yau ne saboda an bar su a inda suke. Ko Adobe da kansa, da ya sauya aikin Ctrl+Z a Photoshop a 2018 ya koma janye kuskure bayan kuskure maimakon guda ɗaya, sai da ya bar wa tsofaffin hannu wurin da za su dawo da tsohon tsarin. Idan kamfanin da ya ƙera manhajar yana taka-tsantsan da abin da yatsu suka saba, yaron da ya yi wata uku a shago ya fi kowa bukatar yin hakan.

Gyara yana da wurarensa. Umarnin da kake maimaitawa kullum amma bai zo da maɓalli ba, ba shi ɗaya daga cikin waɗanda ba kowa a kansu. Ka ƙara, ba ka ƙwace ba. Mai zanen da ke aiki tsakanin Katsina da Maraɗi shi ma yana da hujja, domin kibod ɗin Faransanci da ake yawan samu a Nijar ya musanya A da Q, ya musanya Z da W. Yatsan da ya tafi neman Ctrl+Z sai ya sauka kan Ctrl+W, wanda a Photoshop rufe aikin yake yi. Wanda kuma kwamfutar tasa ce shi kaɗai, ya riga ya ƙware a tsarin asali, ya yi yadda ya ga dama. Sai dai ya adana tsarin nasa da suna daban, kada ya danne na asali. Photoshop yana ba da damar haka, Alt+Shift+Ctrl+K ne ke buɗe wurin, kuma fayil ɗin ƙarami ne, ana iya yawo da shi a filashi.

Gyaran da ya fi cancanta da himmarmu kuwa shi ne wanda ba na jin ana maganarsa: haruffa masu ƙugiya. Ka bi titi ka karanta banonin Hausa, ka ga sau nawa aka rubuta kasa a wurin ƙasa, ko dan a wurin ɗan. Mai zanen da ya haddace maɓalli ɗari amma bai san inda zai samo ƙ da ɗ da ɓ ba, saurinsa na fitar da kuskure ne kawai. Windows yana da kibod ɗin Hausa a cikinsa, akwai kuma manhajar Keyman kyauta. A saka ɗaya, a tabbatar salon haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da masu ƙugiyar, a koya wa kowa a shagon.

Shawarata ga iyayen gida ita ce a liƙa takarda a bango mai maɓallan asali kamar ashirin na manhajar da aka fi aiki da ita, a hana mai koyo taɓa saitin har sai ya iya haɗa kati ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ɗaga kai ya dubi takardar ba. Duk sauyin da za a yi wa kwamfutar shago, a yi shi da sanin kowa, a kuma rubuta shi a ƙasan takardar.