“Alhamdu lillahi” a wane akwati?

Ƴan uwa ɗalibai, wanda bai taɓa fita ankét ba cikinmu ya ɗaga hannu. Na san ba su da yawa. Daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai har Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, ɗalibin sosiyoloji ko na aikin gona in hutu ya zo addu'arsa guda ce: Allah ya sa wata ONG ta nemi masu ankét. Ni ma na fita, na ci kuɗin, wayar da ke hannuna da su na saye ta. To, wanda ya ci ladan kuturu ne ke magana.

Abin da nike so mu duba shi ne karatun da ake ba mu na “suivi-évaluation”, wato bin sawun aikin foroje da auna abin da ya haifar, da kuma rapor ɗin da ke fitowa daga gare shi. Tunda mu masu rubutu ne, mu karanta shi yadda muke karanta kowane rubutu: wa ke magana a ciki, wa aka hana baki?

A aji an koya mana “cadre logique”, tebur ɗin nan da hukumar USAID ta Amurka ta ɓullo da shi wajajen 1970. An koya mana ma'aunan OCDE guda biyar na 1991, da na shida da aka ƙara a 2019: shin aikin ya dace da buƙata, ya cimma abin da ya ce, kuɗin sun tafi inda ya kamata, ya sauya wani abu, zai ɗore, ya jitu da sauran ayyuka? Tambayoyi ne masu kyau, ban da ja. Ƙungiyar da ke karɓar miliyoyi da sunan talaka dole a tambaye ta ina suka shiga. Amma duk semesta ɗin babu darasi guda kan yadda ake juya waɗannan tambayoyi daga Faransanci zuwa harshen mutanen da za a tambaya. An bar wannan ga mai ankét, ana gobe za a hau mota.

Ga abin da ya same ni a wani ƙauye arewa da Maraɗi. Wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba, ta raba wa mata awaki. Tablet ɗina ta ce in tambayi wata tsohuwa ko ta gamsu, akwati biyar, daga “sam” zuwa “ƙwarai”. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Na ce, “Inna, kin gamsu ƙwarai ne, ko gamsuwa kawai?” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanda ya ba ka, ka ce bai ba ka ba?” Na danna “très satisfaite”. Sai da na kashe tablet, ta kawo mani ruwa, sannan ta ce akuya guda ta mutu, gudar kuma an kai ta kasuwa da bazara an sayo hatsi. Wannan magana ba ta da akwati. A rapor, Inna ta shiga cikin kason da aka zana da kore.

Haka kalmar “ménage”. Mi ce ce ita da Hausa? Gida? Iyali? Masu cin tukunya guda? Gidan da maigida ke da mata biyu, ga ƙaninsa da iyalinsa, ana noma gandu tare, kowace mace kuma da gamanarta, ménage nawa ne? Mu goma muka fita, kowa ya warware yadda ya ga dama, aka haɗa lambobin aka fitar da matsakaici har da waƙafi da ɗigo biyu bayansa.

Ba wai ba a san wannan ba a ƙasar nan. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta daɗe tana nuna shi. Bincikensu kan rabon kuɗi hannu da hannu ya gano cewa kuɗin da aka ba mace sau da yawa ga mijinta suke komawa, wani wuri kuma ana tattara su bayan motar foroje ta tafi a sake raba wa gari duka, don mutane ba su yarda da yadda aka zaɓi “mabuƙata” ba. Masu binciken sun ji haka ne saboda sun zauna, sun kwana, sun yi hira da harshen gari. Jean-Pierre Olivier de Sardan ya tara irin wannan a littafinsa na 2021, La revanche des contextes: tsarin da aka ƙera can nesa ana yawo da shi ƙasa ƙasa, in ya sauka wuri, halin wurin ya tanƙwara shi. Littafin na da nauyi, Faransancinsa ba na wasa ba ne, kuma kuɗinsa sun fi ƙarfin ɗan burs. Duk da haka ya fi tarin fotokopin da aka ba mu amfani.

Inda maganar ke da ɗaci shi ne malamanmu. Wanda ya koya maka shakkar lamba da safe, shi ne konsiltan da yamma. Ban zarge su ba, albashi albashi ne, kwangilar mako uku kuma na iya fin na wata. Sai dai wanda ake aunawa shi ke ɗauko mai awo, shi ke rubuta masa sharuɗɗan aiki, shi ke karanta rapor kafin a biya ragowar kuɗi. Ta ina “aikin nan bai yi ba” za ta fito? Sai ta zama “akwai ƙalubale”, “an koyi darussa”. Ku lura da jimlolin rapor: an sayo, an raba, an samu jinkiri. Ba mai aikatawa ko guda.

Su kuma ƙananan ƙungiyoyin gida, na matan unguwa masu asusu, na matasa masu gyaran magudanar ruwa, su ne suka fi buƙatar wanda zai taya su lissafi da auna aikinsu, kuma ba su da kuɗin konsiltan. Tun da Amurka ta rufe USAID a 2025 kwangila ta ragu, mu da muka yi lisans don jiran katkat muna zaune. Ga ɗaruruwan memwar ana rubutawa duk shekara, suna shan ƙura a kanta. Mi zai hana sashe ya haɗa ɗalibin mastar da ƙungiya guda ta garinsu, ya bi aikinta shekara cur, malami na duba shi, ranar kare memwar a kira matan su zauna a ji sakamakon da Hausa ko Zabarmanci, su ce nan ka yi daidai, nan ka yi ƙarya?

Rapor ɗin awakin nan na gan shi daga baya a kwamfutar wani abokina, da Faransanci, da taƙaitawa da Ingilishi a farko. Hoton Inna ne a bango, riƙe da akuyar da aka sayar.