Kiɗa Magani Ne? Sharhi A Kan Littattafai Biyu Da Wani Sabon Yayi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne wani ɗalibina da na tarar a aji ana saura mako biyu a fara jarrabawar fita, ya toshe kunnuwansa da iyafis, littafi buɗe a gabansa, idanu a rufe. Na ɗauka waƙar Indiya yake ji. Da na karɓa na saurara, sai na ji wata ƙara ce kawai mai kama da kukan taransifoma, tana ɗan rawa-rawa. Ya ce mini, "Malam, wannan sauti yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana kuma maganin damuwa da ciwon kai." Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce ai a rubuce yake. To, tunda a rubuce yake, magana ta zo gidanmu mu marubuta, domin kuwa alƙalami ne ya sa yaron nan ya rufe ido ya bar littafinsa.

Bari mu fara da sautin kansa, wanda zan kira bugun kunne biyu. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Wilhelm Dove, shi ya gano shi a 1839. Idan aka sa wa kunnen hagu sauti mai girgiza 400 a daƙiƙa, aka sa wa na dama mai girgiza 410, mai sauraro zai ji wani bugu yana kai da komowa sau 10 a daƙiƙa, alhali babu wannan bugu a waje, ƙwaƙwalwa ce ta haɗa shi daga bambancin sautukan biyu. Shi ya sa ba ya samuwa sai da abin sauraro a kunnuwa. A 1973 Gerald Oster ya sake tono zancen a mujallar Scientific American. Har nan babu gardama. Inda gizo ke saƙar shi ne iƙirarin da aka ɗora a kai, wai ƙwaƙwalwa tana bin saurin bugun, ta kwanta ko ta farka yadda aka so. A 2023 wasu masu bincike suka tattara nazarce-nazarce 14 a kan haka: 5 sun goyi bayan iƙirarin, 8 sun saɓa masa, 1 ya tsaya tsaka-tsaki. Ashe magana ce da ba a gama yanke ta ba.

Wannan yayi ba farau ba ne, kuma littafi na farko da zan duba shi ya share masa fage. A 1997 Don Campbell, wani malamin kiɗa Ba'amurke, ya fitar da The Mozart Effect. Tushen sunan wani ƙaramin bincike ne da aka buga a mujallar Nature a 1993, inda aka kunna wa ɗaliban jami'a 36 kiɗan Mozart na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a gwajin fahimtar siffofi, kuma wannan ƙarin ƙoƙari bai wuce kwata ɗin awa ba ya gushe. Iyakar abin ke nan. Amma a hannun Campbell allura ta zama garma: kiɗa ya koma maganin cututtuka barkatai, har ya buɗe littafin da labarin yadda, a cewarsa, gunji a maƙogwaro ya taimaka wajen narkar da gudan jini a cikin kansa.

Dole in yaba masa da daɗin zance, domin littafin yana tafiya da mai karatu ba tare da gajiyarwa ba. Sai dai daɗin nan shi ne tarkon. Salonsa shi ne ya kawo labarin mutum guda mai sosa rai, ya bi shi da sunan wata jami'a, sannan ya yanke hukunci a kan kowa da kowa. Ba ya bambanta "ya ji sauƙi" da "ya warke", kuma tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Bugu da ƙari, marubucin ya kasance yana sayar da faya-fayan kiɗa da wannan suna, wato mai shari'a shi ne mai haja. Tasirin yayin ya kai ga a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don raba wa jarirai faifan kiɗa, alhali binciken asali bai taɓa jariri ko guda ba.

Littafi na biyu shi ne Musicophilia na Oliver Sacks, likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, wanda ya fito a 2007. Shi ma labaran mutane yake kawowa, amma dubi inda yake tsayawa. Ya ba da labarin Clive Wearing, wani gwanin kiɗa na Ingila da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama a 1985, ya zama ba ya iya riƙe sabon abu a kansa fiye da 'yan daƙiƙoƙi, amma idan ya zauna gaban fiyano sai ya kaɗa kamar babu abin da ya same shi. Wani marubucin da nan zai buga ganga ya ce an sami waraka. Sacks kuwa ya faɗa mana cewa da zarar kiɗan ya tsaya, mantuwar sai ta dawo. Haka zalika ya nuna yadda kari ke taimaka wa masu ciwon karkarwa na Parkinson su ɗaga ƙafa, sannan bai ɓoye ɗaya fuskar ba: akwai waɗanda kiɗa ke tayar musu da farfaɗiya, akwai waɗanda waƙa ke maƙale musu a kai ta hana su sakat.

Shi ma ba a rasa shi da aibu ba. Babobinsa ba su ɗinke da juna ba, wasu sun fi kama da takardun asibiti da aka tsinto aka jera. Yawancin misalansa kuma daga kiɗan Turawa suke, ta yadda Bahaushen da ya san rawar da garaya da goge ke takawa a wajen girka ta 'yan bori, ko yadda waƙar reno ke kwantar da jariri, zai ji an bar gona da yawa ba a nome ba. Wannan gona tamu ce, idan za mu rubuta abin da muka gani ba tare da ƙarin gishiri ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina musun amfanin kiɗa. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta haɗa gwaje-gwaje 73 na majiyyata kusan 7,000, aka ga cewa sauraron kiɗa yana rage fargaba da raɗaɗi bayan tiyata. Amma tiyatar likita ne ya yi, kiɗan rakiya kawai ya yi wa majiyyaci. Wanda ya ji bugun kunne biyu yana sa shi barci, ya ci gaba da saurare, ya dai rage ƙara don kada ya kurmance. Wanda kuma aka ce ya ajiye maganin hawan jini ya kama iyafis, an cuce shi, kuma wanda ya rubuta masa haka yana da alhaki.

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta, musamman sababbin shiga masu sha'awar rubutun kiwon lafiya, ita ce kafin ku rubuta "yana warkarwa" ku tambayi kanku: mutum nawa aka gwada, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke cin ribar zancen? Shi kuwa ɗalibin nawa na mayar masa da iyafis ɗinsa, na ce ya saurara da dare idan zai kwanta, da rana kuma ya buɗe ido ya karanta littafinsa. Allah ya sa mu dace.